Bayan ƙaramar difloma a Kebbi: HND, jami'a ta hanyar DE, karatu haɗe da aiki, ko tsayawa a sana'a?

Ɗalibin da ke aji biyu na ƙaramar difloma, wato ND, a kwalejin fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ko a kwalejin jiha ta Dakingari, abu biyu ne a kansa lokaci guda. Akwai na yau: garin da ya rage a ɗaki, kuɗin kabu-kabu, handawut, firojet. Akwai kuma na gobe, wato inda za a dosa idan an ajiye biro. Na yau ɗin yakan danne na gobe har sai sakamako ya fito, sannan a fara tambayar abokai. A lokacin kuwa maki ya riga ya zauna, shekaru sun ƙaru, wataƙila fom ɗin JAMB na shekarar ma ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyoyin huɗu ne: a ci gaba zuwa babbar difloma ta HND, a shiga jami'a kai tsaye aji biyu ta hanyar DE, a kama aiki ana karatun ƙarshen mako ko na nesa, ko a tsaya a ND a rungumi sana'a. Mai NCE daga kwalejin Adamu Augie ta Argungu ya cire HND daga lissafi, sauran ukun sun shafe shi.

Ma'aunan da za a auna da su

Maki shi ne na farko, domin shi ke buɗe ƙofa ko ya rufe ta tun kafin a zo batun kuɗi. A tsarin maki 4 na kwalejojin fasaha, distinshin yana farawa daga 3.50, ofa kiredit daga 3.00 zuwa 3.49, lowa kiredit daga 2.50 zuwa 2.99, fas kuma daga 2.00 zuwa 2.49. Tsakanin 2.95 da 3.00 babu tazarar kirki a ido, amma ita ce ke raba wanda yawancin jami'o'i za su duba takardarsa da wanda ba za su duba ba. Wanda ke zangon farko na aji biyu da 2.8 har yanzu yana iya haurawa. Wanda ya bari sai zangon ƙarshe da wuya, saboda an riga an tara zango uku a baya.

Na biyu shekaru. Hukumar bautar ƙasa ta NYSC ba ta tura wanda ya haura shekara 30 a ranar kammala karatunsa, takardar yafewa take ba shi. Takardar tana aiki wajen neman aiki, amma alawus ya tafi. Tun daga 2025 alawus ɗin ɗan bautar ƙasa naira 77,000 ne a wata, wato 924,000 a shekara. Ga yaron da ba shi da mai ba shi jari, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yawancin ɗaukar aikin damara yana da tasa iyakar shekarun.

Na uku kuɗi, kuma ba kuɗin rajista kaɗai ake nufi ba. Rajista sau ɗaya ake biya a shekara, ana iya sayar da tunkiya ko buhun shinkafa a wuce wurin. Abin da ke karya ɗalibi shi ne ci da abin hawa na kullum. A ce, don misali, kana kashe naira 1,500 a rana kan abinci da zirga-zirga. A wata 45,000 ke nan, a wata takwas na zama makaranta 360,000, ba a sa haya, sabulu, data da magani ba. Kowace ƙarin shekara a makaranta ka ninka wannan. Sanya naka adadin na gaskiya a wurin 1,500, ka ga abin da ya fito.

Na huɗu ƙarkon takarda: ina take kai mutum, kuma ina take tsayawa da shi bayan shekara goma ko ashirin. Na biyar sauƙin samun gurbi da irin abin da kan lalata tafiyar.

HND

Sharaɗin da aka saba shi ne lowa kiredit a ND na fanni ɗaya ko mai kama da shi, da shekara ɗaya ta koyon aiki, wato IT. Mai fas, a makarantun da ke karɓar sa, akan nemi ya yi shekara biyu. Karatun kansa shekara biyu ne, don haka daga gama ND zuwa gama HND shekara uku ce idan komai ya tafi daidai.

Shekarar IT ce mutane ke rainawa, alhali ita ce mafi amfani a tafiyar duka. Kada a rikita ta da SIWES na wata huɗu da ake yi tsakanin aji ɗaya da aji biyu. Ana karɓar takardar gabatarwa daga makaranta, a nemi wurin da ya dace da fannin, a yi wata goma sha biyu, a fito da takardar kammalawa mai ɗauke da kan wasiƙar ma'aikatar, kwanan farawa da na gamawa, sa hannu da hatimi. Mai lantarki ko makanikanci ya dubi masana'antun shinkafa irin su WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi, ko ofisoshin kamfanin wuta na Kaduna Electric, ko hukumar ruwa. Mai gine-gine da safiyo ya bi ma'aikatar ayyuka da 'yan kwangila. Mai kimiyyar ɗakin gwaji ya nemi asibiti, mai akanta ya nemi banki ko ofishin binciken kuɗi. Abu uku ke ɓata takardar wajen tantancewa: kwanan farawa ya riga ranar gama ND, watannin ba su cika goma sha biyu ba, ko wurin ba shi da alaƙa da abin da aka karanta. Akwai masu zama gida su nemi wani ya buga musu takardar. Ko da ta wuce, an yi asarar shekarar da ake koyon haɗa injin lantarki mai fes uku ko rufe littafin wata, kuma a nan ne ake sanin mutanen da za su kira ka aiki daga baya.

A HND fanni yana rabuwa. Lantarki ya kasu zuwa ɓangaren wuta da injina, da ɓangaren na'urori da sadarwa. Kimiyyar kwamfuta kuma tun 2024 hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta raba ta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, haɗa manhaja da shafukan intanet, haɗa na'urori da ajiyar bayanai a intanet, da tsaron bayanai. Ba kowace kwaleji ke da kowane ɓangare ba. Idan wanda kake so babu shi a Birnin Kebbi, akwai kwalejin tarayya ta Ƙaura Namoda da Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato. Kafin ka biya kuɗin fom ka tabbatar NBTE ta amince da wannan kwas ɗin a matakin HND a wannan makarantar, domin amincewa da ND daban, da HND daban, kuma kwas marar amincewa ba ya kai mutum bautar ƙasa.

Ta fuskar kuɗi wannan ce mafi sauƙi cikin hanyoyin karatun cikakken lokaci: shekara biyu ta ciyarwa, galibi a garin da ka riga ka sani, da mai shagon da zai ba ka bashi da ɗakin da ka saba. A shekarar IT kuma wasu wuraren suna ba da ɗan na mota.

Inda take da rauni shi ne can gaba. A aikin gwamnatin tarayya mai HND da mai digiri duk a matakin albashi na 08 suke farawa, amma layinsu daban. Mai HND yana layin ma'aikatan fasaha ko na zartarwa, wanda ke tsayawa a mataki na 14, sai idan ya ƙaro karatu ya sauya layi. Majalisar tarayya ta amince da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma ba a sa masa hannu ba. A injiniya, hukumar rajistar injiniyoyi ta COREN tana yi wa mai HND rajista a matsayin masanin fasaha, ba injiniya ba. Mai son digiri na biyu sai ya fara yin PGD tukuna, wato diflomar share fagen digiri na biyu. Amma a akanta wannan raunin kusan babu shi, tunda ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci ICAN da ANAN duk suna karɓar mai HND, kuma wanda ya samu shaidarsu ba a cika tambayar inda ya fara ba. Haka masu zaman kansu: mai masana'anta abin da ya dame shi injin ya tashi.

Jami'a ta hanyar DE

A nan yawancin jami'o'i ofa kiredit suke nema daga mai ND, mai NCE kuma akalla merit a darussan da suka shafi kwas ɗin. Ana shiga aji biyu. Kwas mai shekara huɗu ya zama uku, mai shekara biyar irin injiniya da aikin gona ya zama huɗu. A kusa da gida akwai jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi da ke wajen Kalgo, wadda aka kafa a 2013, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero tun 2006, da jami'ar aikin gona ta tarayya a Zuru, sai Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da jami'ar tarayya ta Gusau.

Matakan ba su da yawa amma kowane yana da inda yake tuntuɓe. Ana tura lambar NIN ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 don samun lambar rajista, kuma layin da aka tura da shi dole ya zama naka na dindindin, domin duk saƙon JAMB ta nan zai riƙa zuwa. A sayi fin, wato lambar cike fom, wanda kuɗinsa bai kai naira dubu goma ba, a je cibiyar da JAMB ta ware don rajistar DE da lambar makaranta, shekarar kammalawa da takardar sakamako. Bayan haka a nemi kwaleji ta aika cikakken bayanin sakamako, wato tiranskirif, kai tsaye zuwa jami'ar. Wannan shi ne matakin da ke cin mutane. Ba a karɓar sa daga hannun ɗalibi, yana ɗaukar lokaci kafin ya fita, kuma JAMB tana tantance takardar daga makarantar da ta bayar kafin ta saki gurbi. Wanda ya jira har jami'a ta kira tantancewa sannan ya je biyan kuɗin tiranskirif ya makara. A biya a makon da aka yi rajista, a riƙe rasit, a riƙa leƙawa. Idan gurbi ya fito sai an shiga shafin CAPS na JAMB an karɓa da hannu, ba ya karɓar kansa.

Sai takardar sakandare. Jami'a tana son kiredit biyar har da Turanci, da lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, kuma a darussan da kwas ɗin yake buƙata. D7 a fiziks ba zai wuce a injiniya ba ko da mutum ya fita da distinshin a ND. Gyaran yana da sauƙi idan an lura da wuri: a zauna NECO ko WAEC ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara, tun ana aji biyu. Sharuɗɗan kowace jami'a ga kowane kwas suna cikin kundin JAMB na intanet, kyauta. A karanta shi da ido, kada a dogara da mai shagon kwamfuta.

Guraben DE kaɗan ne idan aka kwatanta da na masu UTME, wato jarrabawar JAMB ta shiga aji ɗaya, wannan ya sa mai 3.1 ke iya rasawa a kwas mai cunkoso. Abin da ke taimaka wa ɗan Kebbi shi ne tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da ke baya a karatun boko, kuma Kebbi da Zamfara suna cikin waɗannan. Don haka takardar shaidar ƙaramar hukuma ta zama a hannu, kuma neman jami'ar da ke yankinmu ya fi neman mai nisa alfanu.

Kuɗi a nan ya fi nauyi: shekara uku ko huɗu maimakon biyu, sabon gari, sabuwar haya. Makin ND ba ya bin ka, lissafin darajar digiri daga aji biyu yake farawa, kana gogayya da waɗanda suka riga suka san malamai da tsarin jarrabawa, kuma wasu jami'o'in suna ɗora wa ɗan DE darussan bai-ɗaya na aji ɗaya a kan nasa. Zangon farko shi ne mafi haɗari. Ga kuma yajin aiki: na ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU a 2020 ya kai wata tara, na 2022 wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kwalejojin fasaha ma suna yi, amma wanda zai yi shekara huɗu ya fi wanda zai yi biyu shiga haɗarin. Lissafa da kyau: wanda ya gama ND yana 26, idan ya bi HND zai fita yana 29. Idan ya jira gurbi shekara ɗaya sannan ya yi injiniya shekara huɗu, 31 ke nan ba tare da an yi yaji ko kwana ɗaya ba.

Abin da ake saya da wannan wahalar shi ne takardar da ba ta da rufi. Digiri yana kai mutum mataki na 17, yana shiga digiri na biyu kai tsaye, kuma shi ne hanyar koyarwa a jami'a da zama cikakken injiniya. Ga mai NCE ma maganar ta fi ƙarfi. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, ana iya samun aiki da ita bayan rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, amma ba ta kai mutum bautar ƙasa, kuma shugabancin sakandare da manyan kujerun ma'aikatar ilimi na masu digiri ne.

Ga shawarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan rubutu: HND da DE ba sai an zaɓi ɗaya tun farko ba. Sakamakon ND kan fito bayan watanni, fom ɗin DE kuma a farkon shekara ake sayar da shi, saboda haka kusan kowa sai ya yi zaman jira na kimanin shekara. Ka fara IT da zarar ka gama, ka cike DE kana cikinta. Idan jami'a ta kira, ka tafi da gogewar aiki. Idan ba ta kira ba, takardar IT ta cika, ka sayi fom ɗin HND. Wanda ya zauna gida yana jiran jami'a kaɗai, in bai samu ba ya yi biyu babu.

Aiki da karatun ƙarshen mako ko na nesa

Wannan ta mai nauyi ce: wanda ya yi aure, ko babban ɗa da ƙanne ke kallo, ko wanda ya riga ya samu aiki da ND ɗinsa, wadda a tsarin tarayya ke farawa a mataki na 06, NCE kuma a 07. Akwai HND na yamma ko ƙarshen mako, akwai digirin dogon hutu na malaman makaranta, akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN mai cibiyoyi a jihohi har da Kebbi. A NOUN ba a zama UTME, ana biyan kuɗi gwargwadon darussan da aka ɗauka a zango, ana yin aikin gwaji ta intanet, jarrabawa kuma a cibiya.

Alherinta shi ne albashi ko ciniki bai tsaya ba, babu kuɗin haya a wani gari. Amma lokaci yana miƙewa fiye da na cikakken lokaci, kuma babu bautar ƙasa: takardar cirewa ake bayarwa, wadda ake karɓa wajen aiki amma babu alawus a bayanta. Ga wanda ya haura 30 ko ya kusa, wannan ba asara ba ce tunda dama ba za a tura shi ba. Ga ɗan shekara 22 asara ce babba. Ma'aikacin gwamnati ya nemi izinin karatu a rubuce kafin ya fara, domin takardar da aka samo ba da izini ba takan sha wuya wajen neman ƙarin girma. Kwas mai buƙatar ɗakin gwaji ko bita ba ya kyau ta wannan hanya. Kuma mafi yawan masu yankewa ba jarrabawa ke kayar da su ba, gajiya ce: an wuni a aiki, an dawo babu wuta, littafi ya kwana a rufe. Wanda ba zai iya ware awa biyu kullum ba, da asuba ko bayan isha'i, kada ya zuba kuɗinsa.

Tsayawa a ND a kama sana'a

Ba faɗuwa ba ce, kuma Kebbi tana da abin yi. Noman rani na shinkafa a fadamun Argungu, Augie, Suru da Bagudo, albasa a Aliero, kifi a Yawuri, saye da sayarwa a kasuwar Jega, haɗa sola, gyaran waya da injin ban ruwa, POS, ɗinki. Iri irin Faro 44 yana nuna cikin kimanin wata huɗu, wato kuɗi na juyawa da sauri fiye da kowace takarda. Haɗarin ma a fili yake. Tun cire tallafin fetur a 2023 ban ruwa ya yi tsada, abin da ya sa da yawa suka koma gas da sola. Ga tsuntsun jan-baki, ga faɗuwar farashi lokacin girbi, ga ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar. Albasa kuma in ajiya ba ta da iska ruɓewa take.

Kuɗin makaranta babu, amma jari ya maye gurbinsa, kuma jari na iya narkewa a kaka ɗaya. Wanda ya zaɓi wannan ya yi abu biyu: ya kammala kiliyarans ya karɓo takardarsa ta asali, kada ya bar ta a makaranta shekara da shekaru, sannan idan sana'ar ta dace da fanninsa ya yi ta ƙarƙashin wani wuri mai rajista na shekara ɗaya ya karɓi takardar IT. Da haka ƙofar HND tana nan a buɗe duk ranar da ya so komawa.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | HND | DE | Aiki da karatu | Sana'a |
|---|---|---|---|---|
| Lokaci bayan ND | Shekara 3 har da IT | 3 ko 4, ban da jiran gurbi | Ya fi na cikakken lokaci tsawo | Babu |
| Maki | Lowa kiredit | Galibi ofa kiredit | Ya danganta da makaranta | Ba a tambaya |
| Nauyin kuɗi | Matsakaici | Mafi nauyi | Kaɗan-kaɗan daga albashi | Jari |
| Bautar ƙasa | Akwai, in ba a haura 30 ba | Akwai, in ba a haura 30 ba | Babu | Babu |
| Ƙarkon takarda | Mai kyau, da rufi a aikin gwamnati | Babu rufi | Daidai da shaidar da aka samu | ND kaɗai |
| Samun shiga | Da sauƙi | Da wuya | Da sauƙi | Ya danganta da jari |
| Babban haɗari | Kwas marar amincewa, IT ta bogi | Rasa gurbi, yaji, shekaru | Yankewa a hanya | Karyewar jari |

Bashin karatu da tallafi

Tun 2024 akwai asusun NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata idan ya nemi na ciyarwa. Babu ruwa a cikinsa, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 na abin da mutum ke samu. Ana buƙatar lambar JAMB, NIN, BVN da lambar makaranta, kuma sai makaranta ta ɗora sunanka. Abu biyu a lura: 20,000 a wata bai kai naira 700 a rana ba, don haka ƙari ne a kan abin da ke zuwa daga gida, ba madadinsa ba. Kuma bashi ne, na shekara huɗu ya ninka na shekara biyu. A shekarar IT babu shi, tunda ba ka cikin rajistar makaranta. Tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta jiha a cike shi duk lokacin da aka buɗe, amma kada a gina kasafin rajista a kansa, domin lokacin fitarsa da lokacin rufe rajista ba lallai su haɗu ba.

Takardun da ke kayar da mai HND da mai DE baki ɗaya

Kafin ka bar makaranta ka duba sunanka a jerin ɗaliban da JAMB ta amince da shigarsu. Wanda kwaleji ta ɗauka ba ta hanyar JAMB ba, ko aka sauya masa kwas bayan shiga ba a gyara a can ba, zai ga matsalar ne a ranar cike DE ko ranar tura sunaye bautar ƙasa, lokacin da gyara ya fi wuya. Sannan ka jera takardu huɗu a gabanka: NIN, sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB da ta kwaleji. Suna ya zama iri ɗaya harafi da harafi, da jeri ɗaya. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari irin Kamba ko Gwandu da aka ƙara a wata takarda aka bari a wata, ya isa ya tsayar da mutum shekara guda. Ranar haihuwa ma haka. Rantsuwar kotu ba ta rage wa mutum shekaru a wurin NYSC, domin abin da ke rajistar jarrabawarsa ta baya suke dubawa.

Wace ta dace da wa

Mai ofa kiredit ko distinshin, shekarunsa ba su wuce 24 ba, akwai mai ɗaukar cinsa na shekara uku zuwa huɗu, kuma yana hangen koyarwa a jami'a, aikin gwamnati mai nisa ko zama injiniya: ya nemi DE, yana IT a lokaci guda.

Mai lowa kiredit, ko wanda ya kai 26 zuwa 27, ko wanda gida ba zai iya fiye da shekara biyu ba: HND, ba tare da jin an rage shi ba. Haka mai akanta ko da makinsa ya kai na jami'a, idan ya ƙudurta zama jarrabawar ICAN ko bin ANAN. PGD tana nan daga baya, lokacin da albashi zai biya ta.

Ɗaliba da aure ke gabanta ta dubi wurin da za ta zauna kafin sunan takarda. HND ko digiri a garin da mijin yake ya fi gurbi mai kyau a nesa da za a bari a aji uku, kuma a yi maganar ci gaba da karatun tsakanin iyaye tun kafin a sa rana. NYSC tana mayar da matar aure jihar da mijinta yake idan ta kawo shaidar aure da ta wurin zamansa.

Mai NCE ƙasa da shekara 26 ya bi DE zuwa digirin ilimi. Wanda ya riga ya samu aikin koyarwa kada ya sake shi, ya bi ta dogon hutu ko NOUN da izinin hukumarsa.

Mai fas, ko wanda gidansu ke da fadama, shago ko bita da ke buƙatar hannunsa yanzu, ya kama sana'ar, ya karɓo takardarsa, ya tara shekarun IT a cikinta. Idan bayan shekara biyu ciniki ya zauna har yana iya sa yaro a shago, HND na ƙarshen mako ya ishe shi.